Ina Jack Bauer Ya Ƙare? Tace Gaskiya Daga Ji-ta-ji-ta a Kasuwar Shasha

Duk wanda ya san zaman Hausawan Badun, tun daga unguwar Sabo wadda aka kafa a 1916 har ya zuwa Kasuwar Shasha da ke kan hanyar Oyo, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da attarugu da tattasai daga Arewa, ya san cewa rabin fatauci jira ne, a jira mota ta iso, a jira 'yan dako su sauke, a jira dillali ya haɗo kuɗi. Kuma a cikin wannan jira ne, a teburin mai shayi ko a inuwar tirela, samari da dattawa kan taru a kan waya guda suna kallon wasan kwaikwayo, in an gama kuma a buɗe babin muhawara. Daga cikin wasannin da har yau ba a daina gardama a kansu ba akwai shirin leƙen asirin nan na Amurka mai suna 24, wanda jaruminsa Jack Bauer ya zama abin misali a bakin 'yan Nijeriya ga duk mutumin da ba ya jin bari. Kuma da yake galibinmu ba mu kalle shi a jere a talbijin ba, sai dai a faifan da aka bugo daga kasuwar Alaba ta Ikko, ko a gutsattsarin da masu tura fina-finai ke zuba wa mutum a waya, ruwayoyi game da ƙarshensa sun yawaita har sun saɓa wa juna.

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, sun bar mana mizani biyu na auna labari: a dubi isnadinsa, watau wa ya faɗa kuma daga wa ya ji, sa'an nan a dubi mataninsa, ko ya dace da abin da ya riga ya tabbata. Ba daidaita wasan kwaikwayo da ilmin addini muke yi ba, Allah Ya kiyaye. Aron ma'auni kawai muka yi, domin a ware sahihi daga mai rauni, a ware mai rauni daga ƙagagge.

Abin da ya tabbata

Tashar Fox ce ta fara nuna shirin ran 6 ga Nuwamba 2001, bisa dabarar da Joel Surnow da Robert Cochran suka ƙago, cewa kowane zango yini da kwana ɗaya ne tak a rayuwar Jack, an raba shi kashi 24, kowane kashi sa'a guda, agogo yana bugawa mai kallo yana gani. An yi zango 8, kashi 192 ke nan, aka rufe ran 24 ga Mayu 2010. Bayan shekara huɗu kuma aka dawo da ƙarin kashi 12 da labarinsu ya gudana a Landan, aka kammala ran 14 ga Yuli 2014. Ashe ƙarshen nan guda biyu ne, kuma mafi yawan jayayya daga cakuɗa su ta samo asali.

A zango na 8, wanda aka rufe a 2010, a birnin New York, an kashe Omar Hassan, shugaban wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Kamistan, wanda Anil Kapoor na fina-finan Indiya ya fito a matsayinsa, yana tsakiyar ƙulla sulhu. Da Jack ya gano akwai hannun manyan Rasha a ciki, kuma su ne suka sa aka harbe masoyiyarsa Renee Walker, sai ya shiga ɗaukar fansa a kan jami'ansu, har shugabar Amurka Allison Taylor, wadda da fari ta so a binne maganar don kada sulhu ya wargaje, ta yi nadama, ta ƙi sa hannu, ta ce da shi ya bar ƙasar tun kafin a kama shi. Abokiyar aikinsa Chloe O'Brian ta sa aka kashe hoton jirgi maras matuƙi da ke hango shi, agogo ya ƙirgo da baya zuwa sifiri. A ƙarshen ƙarin kashin na 2014 kuwa, Rashawa ne suka kama Chloe, Jack ya miƙa kansa fansarta, ya taka da ƙafarsa ya shiga jirgi mai saukar ungulu da zai kai shi hannun abokan gabarsa.

"Jack ya mutu"

Masu wannan magana suna da 'yar hujja, domin al'adar shirin ce idan wani babba ya mutu a nuna agogo yana tafiya ba ƙara, kuma haka aka yi a daƙiƙun ƙarshe na 2014. Amma al'ada ba ƙa'ida ba ce, tun da yake a ƙarshen zango na 6, a 2007, agogon ya yi irin wannan shiru alhali Jack yana tsaye da ransa yana duban teku, ya kuma dawo ya yi zango biyu cur bayan nan. Babu inda aka nuna gawarsa, babu kuma wanda ya ba da labarin rasuwarsa a cikin wasan. Wanda kuwa ya ce ya ji sanarwar mutuwar ɗan wasan a rediyo, to sunaye ne suka rikice masa: wanda ya rasu ran 20 ga Yuni 2024 yana da shekara 88 shi ne Donald Sutherland, mahaifin Kiefer Sutherland mai fitowa a Jack. Wannan ruwaya ba ta da tushe.

"Jack ya Musulunta kafin ƙarshe"

Wannan ce ta fi daɗi a kunne, shi ya sa ta fi bukatar tahƙiƙi, domin zuciya takan yi gaggawar gaskata abin da take so. Asalinta sahihi ne. A kashin ƙarshe na zango na 7, a watan Mayu 2009, sa'ad da Jack ya kamu da wani makamin ƙwayar cuta likitoci suka yanke ƙauna, ya aika aka kirawo masa wani limami mai suna Muhtadi Gohar, wanda shi kansa ya taɓa yi wa kallon zargi, suka zauna a gefen gadon asibiti suna maganar nadama da neman gafara. Iyakar abin da aka nuna ke nan. Bai furta kalmar shahada ba, bai kuma mutu ba, saboda 'yarsa Kim ta ba da kanta aka yi masa magani da ƙwayoyin jikinta. Zuwan limami gaskiya ne, Musulunta kuwa ƙari ne da mai ruwaya ya cusa daga son ransa.

"Ya tsere daga Rasha, ya zama shugaban Amurka"

Za ka ji yaro ya dafa ƙirji yana cewa, "Wallahi Alhaji da idona na gan shi a ofishin shugaban ƙasa," kuma bai yi ƙarya ba a kan abin da idonsa ya gani, fassarar ce ta karkace. Wani shiri ne dabam mai suna Designated Survivor, wanda aka yi daga 2016 zuwa 2019, inda Kiefer Sutherland ya fito a matsayin Tom Kirkman, ministan gidaje da mulki ya faɗo wa bayan an tarwatsa majalisar dokoki da bam. Haka nan shirin 24: Legacy na 2017, mai kashi 12, jaruminsa Corey Hawkins ne, Jack bai fito ba, zango ɗaya aka yi aka tsaya, na Indiya kuma, wanda Anil Kapoor ya yi a 2013 da 2016, labarin wani jami'i ne na can. Saboda haka duk faifan da aka manna wa hoton Jack aka rubuta zango na 10 ko na 11, hukuncinsa hukuncin kwandon tumatir ne da aka jera manya a sama, dillalin ƙwarai ba ya biya sai ya tona ƙasa. Maganar za a yi babban fim a kammala labarin kuwa tun 2010 ake yin ta, kuma niyya dabam, aiki dabam.

"Gwamnati ce ta hana shirin, ta ɗaure jarumin don ya tona asiri"

A nan an ɗauki gaskiya biyu da ba su da dangantaka an ɗaure su da igiyar zato. Haƙiƙa an tsare Kiefer Sutherland kwana 48 a wani gidan yari na Kalifoniya daga Disamba 2007, amma laifin tuƙi cikin maye ne kotu ta kama shi da shi. Haƙiƙa kuma zango na 7 ya makara har Janairu 2009, amma yajin aikin marubutan fina-finan Amurka ne, daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, ya jawo jinkirin. Rufe shirin ma tashar da masu shiryawa ne suka sanar da shi a watan Maris 2010, a lokacin da masu kallo suka ragu kuɗin aiki ya ƙaru, wanda lissafi ne da kowane ɗan kasuwa ya sani. Hukumar CTU da Jack ke wa aiki ƙagaggiya ce, haka ƙasar Sangala da aka ce tana Afirka, wadda a Afirka ta Kudu aka ɗauki hotunanta; asirin hukumar da babu ita kuwa ba ya tonuwa.

Da wannan za a haɗa batun cewa masu shirin sun san Barack Obama zai hau mulki a 2008, tun da sun nuna baƙar fata David Palmer yana shugabanci tun 2002. Dennis Haysbert, wanda ya fito a Palmer, ya taɓa cewa yana jin rawar da ya taka ta taimaka wajen sabar wa Amurkawa da wannan tunani, kuma ra'ayi ne da za a iya saurara. Amma sanin gaibu sai Allah, ga shi kuma shirin ya naɗa mace shugabar ƙasa tun zango na 7, zaɓen 2016 da na 2024 ba su gaskata shi ba.

Abin da ya inganta amma ba a cika faɗa ba

Zargin cewa shirin ya munana wa Musulmi yana da rabon gaskiya. A Janairu 2005, da zango na 4 ya nuna wani iyali Musulmi zaune lafiya cikin maƙwabta alhali ɓoyayyun 'yan ta'adda ne, ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka ta kai kuka ga Fox, har a watan Fabrairu aka sa Kiefer Sutherland ya karanta sanarwa yana jan hankalin masu kallo kada su yi wa Musulmi kuɗin goro. Sai dai cewa don yaƙar Musulunci aka ƙirƙiri shirin bayan harin 11 ga Satumba bai inganta ba, domin an ɗauki kashin farko watanni kafin harin, miyagun zango na 1 Sabiyawa ne, babban mugun zango na 5 kuwa shugaban Amurka ne da kansa, Charles Logan.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne batun azabtarwa. A Nuwamba 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan na makarantar horon hafsoshi ta West Point ya taka har wurin masu shirin, tare da ƙwararrun masu tambayar fursunoni, ya roƙe su su sassauta, saboda ɗalibansa sun fara ɗaukar cewa gana wa mutum azaba ita ce hanyar samun gaskiya, kamar yadda Jane Mayer ta bayyana a mujallar The New Yorker a Fabrairu 2007. A wasa, wanda Jack ya matsa yakan faɗi gaskiya cikin minti biyu domin marubuci ya so haka. A zahiri kuwa wanda ake azabtarwa yakan faɗi duk abin da zai sa a ƙyale shi, abin da ya sa jumhurin fuƙaha'u suka ce iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogara ba ne.

Wani zai ce mene ne na ɓata tawada a kan mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Amsar tana cikin shirin kansa, a zango na 2, inda aka kawo wa Shugaba Palmer faifan murya da ke nuna wasu ƙasashe uku na Gabas ta Tsakiya da hannu a harin nukiliya, majalisar ministocinsa ta matsa a kai yaƙi, ya ce sai an tabbatar, har suka tsige shi a kan haka, kafin Jack ya kawo hujjar cewa muryar haɗa ta aka yi, kuma attajiran mai ne suka biya domin su ci ribar yaƙi. Mutanen Shasha ba su bukatar a fassara musu wannan darasi, domin a Fabrairu 2021, sa'ad da 'yar sa-in-sa a kan kayan da ya zube a ƙofar shago ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnoni suka taso daga Arewa don jaje, labari ya riga kowa isa Kano da Sakkwato ta wayoyi, na gaskiya da na ƙari a haɗe, kowane ɓangare yana tura abin da ke tunzura nasa. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hujurati, ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi don kada mu cuci wasu bisa jahilci mu wayi gari cikin nadama; kuma wannan ɗabi'a ba ranar fitina ake koyonta ba, a kan ƙananan abubuwa ake sabawa da ita. Wanda ya saba tambayar abokinsa, "Malam, a wane zango ka gani, kashi na nawa?" kafin ya yarda Jack ya mutu, shi ne ake sa ran zai tambayi wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe, kafin ya tura wa mutum ɗari muryar da za ta iya sa a rufe kasuwa.