BA KOWANE ZAWON JINI NE ATUNI BA

A ƙasarmu, in mutum ya ga jini da majina a bayan gidansa, abin da ya kan fara zuwa masa a rai shi ne atuni ko basur. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne, ya sha magani ya warke. Amma akwai wani ciwon hanji dabam mai kama da atuni ƙwarai, wanda ba a ɗaukarsa a ruwa ko abinci, ba ya kuwa tafiya da maganin kwana biyar. Ya kan lafa wata da watanni, sa'an nan ya sake tashi, haka har iyakar ran mutum. Ya kamata malaman makaranta da akawuna su san shi, gama ya fi fara kama mutum tsakanin shekara 15 da 30, watau manyan 'yan makaranta da samarin ma'aikata.

Ciwon nan iri biyu ne. Na fari likitoci suna ce da shi kolaitis mai gyambo. Wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana shi tun 1859. Shi a babban hanji kaɗai ya ke tsayawa. Daga dubura ya ke farawa, ya yi ta hawa sama ba tsallake, yana cin fatar cikin hanji har ta yi miki ta riƙa zub da jini. Na biyu sunansa ciwon Crohn, domin Likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka ba da labarinsa a birnin Niyok na Amurka a 1932. Shi kuwa ba inda ba ya iya kamawa tun daga baki har dubura, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Ya kan ci wuri ya tsallake wuri, ya ratsa kaurin hanjin duka, har wani sa'i hanyar ta ƙuntata abinci ya kasa wucewa, ko kuwa wata kafa ta ɓulle a gefen dubura tana zub da ruwa. Ba ya barin babba don girmansa, Shugaba Eisenhower na Amurka ma sai da aka yi masa aiki saboda shi a 1956.

To, me ke kawo shi? Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru a cikin jini, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ga mai wannan ciwo sai dakarun su rikice su far wa hanjin mai su, tamkar dogarin da ya bar ɓarawo ya juya yana dukan mutanen gidan sarki. Gado yana da hannu a ciki, shan taba kuma yana ƙara wa ciwon Crohn ƙarfi. Amma ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa don an ci tuwo ƙwarya ɗaya da mai shi.

Alamunsa su ne zawo na makonni, da jini ko babu, da murɗar ciki, da rama, da kasala saboda ƙarancin jini. Mutum ya kan tashi kewayawa cikin dare, in kuwa ta matsa masa ba ya iya jira. Waɗansu har gaɓoɓinsu su yi ciwo, idonsu ya yi ja. Yaro kuwa girmansa ya kan tsaya, tsararrakinsa su wuce shi.

A nan ne ya kamata a yi hattara. A ƙasashenmu masu zafi atuni ya yi yawa, haka kuma ƙwayar tarin fuka ta kan kama hanji ta yi kama da ciwon Crohn har likita ya yi shakka. Maganin da a ke kwantar da dakarun jiki da shi, in aka ba mai atuni ko mai tarin fuka, sai cutar ta sami sarari ta bunƙasa, har ta kai ga halaka. Saboda haka likita ya kan fara gwada bayan gida da jini, sa'an nan ya zura wata siririyar na'ura mai fitila ta dubura ya duba hanjin da idonsa, ya gutsuro ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji.

Magani kuwa akwai shi. Wajen 1940 wata likita a Suwidin, Nanna Svartz, ta fito da salfasalazin, wanda mesalazin ya biyo bayansa. A 1955 likitoci biyu a Okisfod, Truelove da Witts, suka tabbatar kotizon yana kwantar da kolaitis in ya tashi. Amma shi da danginsa na kashe gobara ne, ba na kullum ba, gama daɗewa a kansu yana raunana ƙashi, ya kawo ciwon sukari. A 1998 aka yarda da allurar infiliksimab a Amurka, mai aiki ga waɗanda ciwonsu ya ƙi jin sauran magunguna, sai dai tana da tsada. In duk ya faskara sai aiki. Cire babban hanji yana raba mutum da kolaitis, amma ciwon Crohn ya kan dawo a wani wurin.

Babban kuskuren masu ciwon shi ne barin magani da zarar sun ji sauƙi. Wuta ce ƙarƙashin toka. Su kuma guji sayen maganin ciwon jiki irin su ibufurofen a kanti, don yana iya tayar da shi. Wanda ya kai shekara 8 da ciwon a babban hanji, lalle a riƙa duba shi da na'urar nan a kai a kai, don tsoron ciwon daji.

Sauran magana ga malamai da manyan ofis. Yaron da ya ke yawan neman izinin fita daga aji, yana ramewa, kada a yi saurin ce da shi malalaci. A bar shi ya fita ba sai ya yi bayani gaban 'yan'uwansa ba, a kuma kira uban a ce ya kai shi babban asibiti. Kunya ta kan sa yaro ya ɓoye abin nan shekara guda, har ya bar makaranta. Akawun da ke zuwa ganin likita kuma a ba shi dama. In an gane ciwon da wuri aka riƙe magani, mai shi ya kan gama karatunsa, ya yi aure, ya yi aikinsa kamar kowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.