Mai shan ƙwaya da wanda ƙwaya ta kama

A unguwar Sabon Gari, cikin birnin Maraɗi, akwai samari biyu maƙwabtan juna. Na farko ɗan kabu-kabu ne. Yakan sha taramol ranar da aiki ya yi yawa. Sau biyu yana faɗuwa da babur a kan hanyar Tsibiri, har ya karye a hannu. Amma yakan yi sati bai sha ba.

Na biyu yana aikin ƙodago a gonakin noman rani na Jiratawa. Shi kullum sai ya sha. Da ƙwaya ɗaya ya fara, yanzu huɗu ba su isar shi. In bai samu ba, jikinshi ya ɗauki rawa, ya yi ta gumi, barci ya ƙi zuwa.

Mutanen unguwa suna ce musu duka ƴan ƙwaya. Lokotoro kuwa yana raba su. Na farko yana cutar da kanshi da ƙwaya. Na biyu ƙwaya ta riga ta kama shi. Haka abin yake ga mai shan giya ko burkutu.

Lokotoro ba da ka yake faɗi ba. Akwai manyan littattafai biyu da ake dubawa.

Na ɗaya shi ne CIM, na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya. Sabon bugunsa, na 11, ya fara aiki a 2022. Ya raba sha mai cutarwa da kamuwa. Alamun kamuwa uku ne: mutum ya kasa riƙe kanshi, ya fifita abin shan bisa aiki da iyali, jikinshi ya saba, har sai ya ƙara yawa, ko ya yi ciwo in ya rasa. In an ga biyu cikin ukun, an ce ya kamu.

Na biyu shi ne DSM, na likitocin taɓin hankali na Amurka. Bugun 1994 shi ma ya raba abin gida biyu: alama ɗaya cikin 4 ta isa a ce mugun sha ne, alama 3 cikin 7 kuwa kamuwa ce. A 2013 aka haɗe su cuta ɗaya mai alamu 11, da ake ƙirgawa cikin wata 12. Mai 2 ko 3, cutar ba ta yi nisa ba. Mai 4 ko 5 yana tsaka-tsaki. Mai 6 ko fiye, ta yi tsanani.

Ke nan CIM ya yi ɗaki biyu, DSM ya yi tsani mai hawa uku. Amma sun yarda a kan abu ɗaya: wannan cuta ce, kuma ana maganinta.

Saurayi na farko yana bukatar gargaɗi da shawara tun abin bai yi nisa ba. Na biyu sai an kai shi likita, a rage mishi sannu sannu. Wanda giya ta kama ƙwarai, in ya bari rana ɗaya ba da taimakon lokotoro ba, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, har ya rasa ranshi. Dariya da zagi ba su warkar da kowa.

Tambayoyi
1. Mine ne bambancin samarin nan biyu?
2. Alamun kamuwa nawa ne cikin CIM?
3. Don mi ake kai wanda ya kamu likita?