Magana, hali da tuni: yadda ƙwaƙwalwa ta raba aikinta

A watan Afrilun 1861 aka kai wani majiyyaci sashen tiyata na asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Faris, ƙafarsa ta dama tana ruɓewa. Sunansa Louis Victor Leborgne, amma kowa Tan yake ce masa, domin shekara 21 ke nan kusan ba abin da ke fita daga bakinsa sai "tan". A tambaye shi sunansa, tan tan. A tambaye shi ina ke ciwo, tan tan. Kuma hankalinsa garau yake. Yana gane abin da aka faɗa masa, yana ba da amsa da hannun hagu, harshensa ma yana motsi. Bayan 'yan kwanaki ya rasu, likita Paul Broca ya buɗe ƙoƙon kansa, ya tarar wani wuri ya lalace a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwar, ta wajen gaba. Ya ci gaba da samun masu irin wannan larura, kusan dukansu wurin nan ne ya taɓu.

A 1874 wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano kishiyar wannan. Majiyyatansa magana na zuba daga bakinsu har da sauri, sai dai ba ta da kan gado, su ma ba sa fahimtar abin da ake gaya musu. Nasu ciwon yana ɓarin hagun, amma ta baya, saman kunne. Ashe haɗa magana daban, gane ta daban.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma tana cinye kashi 20 cikin ɗari na kuzarin jiki. Tsarinta irin na babbar kasuwa ne: ga layin 'yan hatsi, ga na 'yan yadi, ga na mahauta. Gobara na iya cinye layi ɗaya, sauran su buɗe da safe.

Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya ga wannan da idonsa. Jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa gicciye suke, ɓarin hagu ke sarrafa dama, na dama ke sarrafa hagu. Shi ya sa wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu yakan rasa magana. Wanda kuwa abin ya same shi a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, wani lokaci sai ya manta akwai hagu a duniya. A ajiye masa kwanon tuwo, ya cinye rabin dama tas, ya ce abinci ya ƙare. A juya kwanon, ya ci gaba. Idonsa lafiya lau, kulawar ce ta yanke. Wanda ya fi ban tausayi a wajena shi ne mai irin ciwon da Wernicke ya bayyana. Dattijo mai hawan jini ya tashi da safe yana surutai barkatai, gaɓoɓinsa ƙalau, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da tofi har dare. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

Maganar hali ta fi wuyar haɗiya, don mun saba cewa hali zanen dutse ne. Ranar 13 ga Satumba 1848, a Cavendish ta jihar Vermont a Amurka, Phineas Gage, shugaban leburorin titin jirgin ƙasa mai shekara 25, yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi bayan ido, ta fice ta tsakar ka. Bai mutu ba, har magana ya yi da likitan da ya fara zuwa. Amma John Harlow, likitan da ya yi jinyarsa, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, ya ƙulla wannan ya kwance wancan, har masu kamfanin suka ƙi mayar da shi bakin aikinsa. Masu ba da labari sun ƙara gishiri daga baya, domin Gage ya farfaɗo har ya yi shekaru yana tuƙa keken dawakin fasinja a ƙasar Chile kafin rasuwarsa a 1860. Duk da haka bincike ya tabbatar cewa sashen da ke bayan goshi, wanda sandar ta ratsa, shi ne mai tsara abin da za a yi gobe, mai auna ƙarshen al'amari, mai danne fushi da sha'awa. Ɗan acaɓan da ya bugi kwalta da goshi ba hular kwano, aka sallame shi daga asibiti yana tafiya da ƙafarsa, sannan ya fara zagin mahaifiyarsa, mai yiwuwa ba iskanci ba ne. Wannan sashe kuma shi ne ƙarshen nuna, sai wajen shekara 25 yake kammala, abin da iyayen samari ba sa bukatar a gaya musu.

Tuni ma ba ɗaya ba ne. A 1953 likitan tiyata William Scoville ya yi wa Henry Molaison aiki a Hartford don rage masa farfaɗiya, ya cire yawancin wani sashe mai suna hifokamfas daga ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina ajiye sabon abu. Yana tuna ƙuruciyarsa, amma ka gaisa da shi ka fita ka dawo, baƙo ne kai. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, aikin da ke rikita kowa da farko. Kullum yana ƙara ƙwarewa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yi ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Ƙwarewa irin ta tuƙi ko ɗinki wasu sassa ne ke riƙe ta, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda duk ƙanƙantarta ta ƙunshi mafi yawan ƙwayoyin jijiyar kai.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Zancen da ke yawo a Facebook cewa wane mai ƙwaƙwalwar hagu ne, wance mai ta dama, ko cewa kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi, ba shi da tushe. Jimla ɗaya tak da mutum zai faɗa sai ta haɗa sassa da yawa ta igiyoyin jijiya, kuma yankewar igiyar na iya yin ɓarna kamar lalacewar sashen. Rabon aikin ma yana sauyawa da amfani. A 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasin Landan, waɗanda ke shafe shekara uku zuwa huɗu suna haddace titunan birnin kafin a ba su lasisi. Sun tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a sana'ar nasa ya fi girma. Da suka bibiyi masu koyo daga farko, waɗanda suka ci jarrabawar ne kaɗai wurin ya ƙaru musu.