Jinyar sankarar mama: abin da maras lafiya take bukata daga gida da unguwa

 

Ƴan'uwa, ba da daɗewa ba muka yi sallar jana'izar wata baiwar Allah a nan Maradi, wadda ta yi fama da sankarar mama. Satin da aka yi mata aiki gidan cike yake da masu dubiya, wannan da kwanon tuwo, waccan da ƙwaryar fura. Bayan wata uku ƙafa ta ɗauke, kuɗin mota suka ƙare, ta tsallake ranar magani ɗaya, ta tsallake ta biyu. Mijinta a sahun farko yake salla bayanmu, kunya ta hana shi magana, mu kuma ba mu tambaya ba. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Sakacin da muka yi kuwa namu ne, kuma a kansa muke son mu yi bayani.

Taimakon da muka saba da shi na kwana kaɗan ne: suna, biki, zaman makoki. Ita wannan jinya takan kusan cinye shekara. Galibi hawa uku gare ta, ko da yake likita ne ke tsara wanda zai gabata. Akwai aiki, inda ake cire ƙullutun ko maman gaba ɗaya. Akwai maganin da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa shimiyo, yawanci duk bayan sati 3, sau 6 zuwa 8. Akwai kuma haskawa da na'ura, kwana 5 a sati, sati 3 zuwa 5. Wasu matan bayan duk wannan za su ci gaba da shan ƙwaya kullum har shekara 5 ko fiye. Mai son taimako ya fara da sanin wannan lissafi, don maganin da aka yanke a tsakiya yana ba ciwon damar dawowa.

Mu ɗauki sati ukun nan na shimiyo, tunda a cikinsu aka fi yin kuskure. Kwanakin farko na tashin zuciya ne da kasala. Ƙamshin da take so da can, turaren wuta, humra, ƙaurin suya, yanzu amai yake sa ta. To, mai zuwa dubiya ta bar turarenta a gida. Daga wajen kwana 7 zuwa 14 garkuwar jiki takan faɗi ƙasa sosai, saboda maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. A lokacin nan murar da ba ta kwantar da kai ita tana iya kai ta gadon asibiti. Sati na uku ne take ɗan samun kanta, sai kuma a koma.

Dubiya haƙƙin Musulmi ce a kan ɗan'uwansa, haka ya tabbata a hadisi. Sai dai malamai tun da sun faɗi ladubbanta: a taƙaita zama, a zaɓi lokaci, a faɗi alheri. Mata goma sha biyar a ɗaki ɗaya, taga a rufe, wata na tari, wata ta goyo yaro mai majina, wannan cutarwa ce ko da niyya ta yi kyau. Mai mura ya gaishe ta ta waya, muna fata ladansa na nan. Mai shiga ya wanke hannu da sabulu. Kuma don Allah a bar labarin wance da ta yi irin wannan ciwo ta rasu. Wallahi mun ji an faɗa a gaban majinyaciya, wai jaje ake yi.

Wani abu da kowane gida ya kamata ya riƙe: a sayi ma'aunin zafin jiki. In zafi ya kai 38 a lokacin shimiyo, ba a jira gari ya waye, asibiti za a nufa, a gaya musu maganin da take kai. Mu nan kowane zazzaɓi mukan ce na sauro ne, mu aiki yaro ya sayo ƙwaya a tebur. Ga wannan majinyaciya jinkirin dare ɗaya yana iya zama halaka. Don haka ya kasance akwai maƙwabci mai mota ko babur da aka yi magana da shi tun da wuri, lambarsa tana rubuce a bango.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, dafaffe da zafinsa. Kunu, fate, romo, wake, ƙwai, kifi. Baki yakan yi gyambo, sai a rage yaji da tsami. Nonon da ba a tafasa ba da kwaɗon da ya wuni a faranti a dakata da su. Gashin kai yakan zube sati biyu ko uku bayan farawa, kuma yana fitowa idan an gama. A gaya wa yara tun kafin su gani. Ciwon ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa ko zane, haskawar na'ura ma ba ta bin ta gida, babu dalilin ware mata kofi ko hana ta ɗaukar jikanta.

Bayan aiki, hannun da ke ɓangaren da aka yanka yana son lallaɓawa, musamman in an cire kaluluwar hammata, don yana iya kumbura. Daka, surfe, jan guga, wankin gida duka, a ɗauke mata har likita ya ba da izini, ita kuma ta riƙa motsa hannun yadda aka koya mata. Nan ne aikin ɗalibanmu yake. Yarinyar da ta karanta Ahalari da Ishmawi, ta je ta yi wa maƙwabciyarsu wanke-wanke ranar Alhamis, ta raka ƙananan yaran gidan makaranta. Matan unguwa su raba kwanaki kamar yadda ake raba adashi: yau girkin gidan wance, gobe na wance, har wata shida, a rubuce.

Sai maganar tafiya. Na'urar haskawa ta farko a ƙasarmu ta fara aiki a 2021 a cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai. Kafin nan sai an fita waje. Daga Maradi tafiyar ta fi kilomita 600, ga ƴar rakiya, ga masauki na sati da sati, ga abinci. Sau da yawa waɗannan ne ke karya mutum. Duk wanda yake da ɗan'uwa mai ɗaki a Yamai, wannan ɗakin ya fi buhun shinkafa amfani.

Tambayoyin ibada kuwa, waɗanda mata ke aiko mana ta hannun matanmu, amsarsu sauƙi ce. Wurin aiki in yana da bandeji, shafa ake yi a kai wajen wanka. In ruwa zai cutar, taimama ta wadatar. Ta kasa tsayuwa ta yi salla a zaune, ta kasa zama ta yi a kwance, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Imrana ɗan Husaini. Azumin Ramadan ta sha, ta rama bayan ta warke, ayar Baƙara ta ba majinyaci wannan rangwame. Kada a ɗage ranar magani saboda azumi ba da sanin likita ba. In babu likita mace, namiji ya duba gwargwadon larura, babu zunubi. Kunyar nan ta sa mata da yawa sun ɓoye ƙullutu har ya fashe. Addu'a da tofi muna yi, kuma za mu ci gaba, tare da magani. Saiwa da sassaƙe kam a gaya wa likita kafin a sha, don wasunsu suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda dama suna fama da shimiyo.

Magana ta ƙarshe da maza muke. Mun san akwai mai buɗe Muhtasar ya nuna mana cewa kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. E, haka magabata suka rubuta, a zamanin da magani bai wuce ƙaho da jiƙo ba. Malamai da yawa na yanzu sun tafi a kan cewa jinya irin wannan tana cikin zama da kyautatawa da aka umarce mu da shi, mu ma a nan muka tsaya. Matar da ta shekara ashirin tana yi maka tuwo, aka cire mata mama, sai ka mayar da ita gidan iyayenta "ta yi jinya", ka shiga neman aure kafin ɗinki ya warke? Ka kwana a ɗakinta ranar girkinta ko da ba ta iya girkin. Ka raka ta wurin likita, ka ji da kunnenka, har da batun kauce wa ɗaukar ciki da dakatar da shayarwa a lokacin magani. Abokiyar zamanta da ta riƙe mata yara, a yaba mata a gaban dangi.

Zakkarka ba ta halatta ga matarka, tunda ciyar da ita a wuyanka yake. Amma gidan da jinya ta cinye abin hannunsa ya shiga cikin masu karɓar zakkar wasu, kuma miji ba zai zo ya faɗa ba. Saboda haka duk wanda ya san irin wannan gida ya same mu bayan sallar Isha'i, a keɓe. Ba za a ambaci suna a lasifika ba. Abin da muke so ya zo da shi shi ne ranar magani ta gaba da kuɗin motar zuwa da dawowa na mutum biyu.