Laimar kwaɗi da gajiyar manomi: ina gaskiya, ina ƙari?

Da ruwa ya zauna a watan Agusta, laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, takan ɓullo a gindin suri da ruɓaɓɓen kututture tun daga Funtua har Malumfashi. A da ko kallo ba ta ishi manomi ba. Yanzu kuwa saƙonni na yawo a WhatsApp, wai masana sun gano wani sinadari a cikinta, feftaid, mai kashe gajiya da hana jiki tsufa.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Feftaid guntun furotin ne: in furotin dogon carbi ne, shi 'yan ƙwayoyi ne da aka tsinko. Masu bincike, galibi a ƙasar Sin, sukan yayyanka furotin ɗin laimar da ake ci da sinadaran narkar da abinci, su tace, su ɗura wa ɓeraye. Sai a ɗaura wa ɓera ɗan nauyi a wutsiya, a jefa shi ruwa, a riƙe agogo. An sha ganin waɗanda aka ɗura wa sun fi daɗewa suna iyo, hantarsu kuma ta fi riƙe sukarin ajiya. A kwalbar gwaji ma feftaid ɗin yakan dakushe ƙwayoyin da ke cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin garma.

To amma ɓera ba ɗan ƙwadago ba ne da ya wuni yana huɗar masara a Bakori. Abin da aka ba ɓeran tatacce ne, a ma'auni. Ɗanyar laima kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, furotin ɗinta gram 2 zuwa 3 ne a gram 100, alhali busasshen wake ya haura gram 20. Kuma cikin mutum da kansa yake mayar da kowane furotin feftaid, har na ƙosai da ƙuli-ƙuli.

Masu talla na son labarin 1993, lokacin da 'yan tseren mata na Sin suka karya tarihin duniya, kocinsu Ma Junren ya ce sirrin shi ne wata laima mai tsirowa a jikin tsutsa da jinin kunkuru. Ba sa ƙarasa labarin: a 2000 an cire shida daga cikin 'yan tserensa daga tawagar gasar Olamfik ta Sidni bayan gwajin jini. Batun hana tsatsar jiki ma ya taɓa ba da kunya. A Finlan, wani gwaji da aka fitar a 1994 kan maza masu shan sigari kimanin 29,000 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ta yi a cikin masu haɗiyar ƙwayar sinadarin karas, wanda ake sha don hana wannan tsatsa. Lambar NAFDAC a kwalbar maganin gargajiya kuwa ba shaidar warkarwa ba ce. Gajiyar damina da ta ƙi tafiya sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini, kuma gwajin jini a asibiti ne zai faɗa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu cewa a tsinko kowace laima a jefa a miya. Gaskiya ne wadda ke fitowa kan suri tana cikin abincin al'ummu da dama a Afirka, ana kuma noma wata irin a kan karan masara da sharar auduga, abubuwan da Funtua ba ta rasa ba. Sai dai gubar da ta fi kashe masu cin laimar daji a duniya ita ma feftaid ce, mai ƙwayoyi takwas. Tafasa ba ta kashe ta, shanya ma haka. Ƙarya ne cewa cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, ƙarya ne cewa wadda tsutsa ta ci ta zama lafiyayya. Wanda ya ci yakan yi awa 6 zuwa 24 garau kafin amai da gudawa su taso. Daga nan sai ya ji sauƙi kwana ɗaya, mutanen gida su ce an auna arziki, alhali a lokacin ne hanta take mutuwa.