Sikila: Yadda gyaran ƙwayoyin gado ke rage haɗarin dashen ɓargo

A Yauri da Ngaski da Shanga, inda jama'a ke zaune a gaɓar Kogin Neja da Tafkin Kainji, iyayen yara masu amosanin jini sun san wahalar damina: sauro, zazzaɓi, ciwon ƙashi, sai faɗi-tashin neman ƙarin jini. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a zazzaɓin cizon sauro tsakanin ƙananan yara, da kashi 49 cikin 100.

Shi ya sa wasu ke tambaya game da dashen ɓargo, wanda ke iya raba mutum da sikila. An fara yin sa a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Sai dai dashen na da haɗari. Ƙwayoyin garkuwar jikin wanda ya bayar da ɓargon kan ɗauki jikin majinyacin a matsayin baƙo, su far wa fata da hanta da hanji. Hakan kan kai ga rasa rai.

Nan ne gyaran ƙwayoyin gado ya shigo. A 2011, likitoci a Houston ta Amurka sun ba da rahoton cewa sun sanya wa ƙwayoyin garkuwar wani makunnin kashe kai kafin a ba yara biyar masu sankarar jini. Da matsalar ta taso wa huɗu, allura ɗaya ta kashe fiye da kashi 90 na ƙwayoyin cikin minti 30.

Hanya ta biyu ita ce a gyara ƙwayoyin ɓargon majinyacin kansa, a mayar masa. Tunda nasa ne, babu wannan faɗan. Birtaniya ta amince da irin wannan magani, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba.

Amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an fara ba majinyaci magani mai ƙarfi da ke iya hana haihuwa.

Ga manomi ko masuncin Yauri, abin da hannu zai iya kaiwa shi ne gwajin rukunin jini na AA da AS da SS kafin a sa ranar aure. Idan ma'aurata duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Yaron da ke da ita kuwa, a gano da wuri, ya kwana cikin gidan sauro, a kuma tambayi likita game da maganin hydroxyurea mai rage tashin ciwon.