Ƙafar maɗinki da laifin da ake ɗora wa sanyi

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya ratsa lunguna zuwa Kwarbai ko Unguwar Juma ya san irin zaman da nake nufi. Mutum ne a zaure, ya jingina da bango, ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, shadda a cinya, yana fitar da aska takwas a gaban babbar riga. Aikin makonni ne, wata rigar ma sai ta ci watanni. Tun hantsi yake nan. In ka dawo da la'asar sakaliya, za ka tarar ya miƙe ƙafa ɗaya yana matsa sha-raɓa, takalmin da ya shiga salin-alin da safe yanzu sai da dabara. A cikin gida ma haka abin yake ga mata masu ɗinkin hannu. Ka ce wa mutumin zauren, "Baba, yaya ƙafar?" Amsar ba ta wuce "Sanyi ne."

Sanyi ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Mai irin wannan ciwo ya lura da kyau: ƙafar ta fi damunsa a zafin Maris da Afrilu, ba lokacin hunturu ba, domin zafi buɗe hanyoyin jini yake yi. Shi ya sa gasa ta da ruwan zafi ko ɗumama ta a garwashi ke ƙara kumburin.

Hausa ta tara abubuwa da yawa a kalmar jijiya: mai kai jini, mai dawo da shi, har da mai kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. Zancenmu a kan masu dawo da jini ne. Saukar jini zuwa ƙafa ba wuya, zuciya ce ke harba shi, ga kuma gangara. Komowar ce aiki, don hawa ne tun daga idon sawu har ƙirji. Abu biyu Allah ya tanada domin haka. Na farko wasu 'yan marafai ne a cikin jijiyar, masu aiki kamar bawul ɗin tayar keke: jini ya wuce sama, su rufe, ba komawa baya. Wani likitan Italiya, Fabricius, shi ya zana su a 1603, ɗalibinsa William Harvey na Ingila kuma ya bayyana amfaninsu a 1628. Na biyu naman sha-raɓa ne. Duk takun da ka yi, yana matse jijiyoyin da ke cikinsa ya tunkuɗa jini sama, har likitoci na kiransa zuciya ta biyu. A ma'aunin da ake gwada hawan jini, matsin da ke cikin jijiyar idon sawun mai tsayuwa cak yakan kai wajen 90, amma da ya fara tafiya sai ya faɗo ƙasa da 30.

Mai zama ya sallami wannan zuciya ta biyu hutu ke nan, ga gwiwa a lanƙwashe ta danne jijiyar da ke bi ta bayanta. Jini ya taru, ruwansa ya tsattsafo cikin nama. Idan shekaru suka ja, ko ƙiba ta zo, ko mace ta yi ciki bayan ciki, ko abin na gado ne, marafan sai su saki, jini ya riƙa zubowa baya. Daga nan ƙafa ta fara nauyi da tsami, ta kumbura da yamma ta sace da safe, jijiyoyi su fito a murɗe. In aka yi sake, fatar saman idon sawu ta yi duhu ta yi tauri, ƙarshenta gyambo mai wuyar warkewa. Wannan daban yake da sagewar da ake ji bayan zaman harɗe, wadda ke sakin mutum cikin 'yan mintuna.

Telan da ke taka keken ƙafa ya fi mai ɗinkin hannu sa'a, ko bai sani ba, tunda kullum sha-raɓarsa a bakin aiki take. To, wannan takun shi za ka ara. Kana zaune, miƙe ƙafa, ka ja yatsu wajenka, ka tura su gaba, sau ashirin, allura ba ta bar hannunka ba. Duk rabin awa ka tashi, ko ƙofar zaure ce ka je ka dawo, ka dafa bango ka yi ɗage sau goma. Salla na raba zaman yamma, sai dai tsakanin hantsi da azahar akwai nisa, kuma nan ne ake yin ɓarnar. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Ɗora ƙafa a kan kujerar tsugunno ba ya wadatarwa. Sai an kwanta rigingine an ɗora ta a bango ko kan matasai, ta ɗara ƙirji tsawo, kamar minti 15, sau biyu ko uku a yini. Akwai kuma safar asibiti mai matse ƙafa, wadda ake aunawa daidai mutum, a sa ta da safe tun ƙafa ba ta kumbura ba. Na san a zafinmu ba daɗi, amma tana aiki. Mai ciwon suga, da wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, kada su sa sai likita ya duba. Ɗaure ƙasan gwiwa da roba ko ƙyalle kuwa tare wa jini hanya ne kawai.

Matafiya ma abin ya shafe su. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye a mota ko jirgi na ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya, ko da yake wajen mutum 1 cikin 6,000 abin ke samu. Mai zuwa Legas a mota da maniyyaci su riƙa motsa ƙafa, su sha ruwa.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, tana ciwo, kada a matsa ta, kada a jira gobe, gudan jini ne ake tsoro. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ta yiwu gudan ya kai huhu. Kumburin ƙafa biyu da ba ya sacewa kuma na iya zama daga zuciya, ƙoda ko hanta. Ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Roƙona na ƙarshe ga iyayenmu wanzamai ne. Jijiyar da ta taso ta murɗe cike take da jini, fatar kanta kuma ba ta saurin warkewa, don haka ba wurin tsaga ko ƙaho ba ne. In ta fashe da kanta, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsaftataccen ƙyalle, a nufi asibiti.